Wa ya ga hasken da ya keta sama da asubahin yau?

Sabo Mai Albasa: Assalamu alaikum. Jama'a ku gafarce ni da saƙon sassafe. Akwai wanda yake waje yau wajen ƙarfe 4:10 na asuba? Ina gona nan gefen Ɗanbatta ina ban ruwa, ni da Habu ɗan wana. Babu wata, da tocila muke aiki. Na duƙa ina buɗe wa fangali ruwa ke nan, sai na ga inuwata a gabana baƙa wuluk, kamar an dallare ni da fitilar mota ta baya. Ruwan da ke kwance a fangalan duk ya koma kore yana sheƙi, har ganyen albasa ina iya gani ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne inuwar tana tafiya, tana juyawa a ƙasa alhali ni ban motsa ba. Da na waiga sai ga dunƙulen wuta, kansa fari fat kamar wutar walda, gefensa kore, yana jan jela ja. Ya gangara gabas maso arewa, ya ƙara haske sau biyu, sannan ya tarwatse gida uku ko huɗu ya mutu. Duka bai wuce in ƙirga biyar ba. Habu ya yar da fartanya yana ta salati. Har yanzu jikina bai gama dawowa daidai ba.

Sabo Mai Albasa: Kuma ni a ganina bayan ƙauyen da ke gabanmu ya faɗi. Da gari ya waye na tura Habu a babur ya tambaya, su ma sun ce sun gani, amma wai can gaba da su ya sauka.

Anti Ladi Nas: Wa alaikumus salam. Yaya Sabo wallahi na gani! Ina aikin dare a nan Haɗeja, na fito zan ɗebo ruwa a tanki. Masu jinya da ke kwance a baranda duk suka miƙe, wata tsohuwa tana cewa a kashe wuta jirgi ne. Ni ma abin da ya fara zuwa raina ke nan, irin halin da ake ciki. Amma mu ta yamma maso arewa muka gan shi, ba gabas ba.

Musa Direba Damagaram: Salamu alaikum 'yan uwa. Mu ma nan Damagaram mun gane shi, muna cikin lodin kamiyo a tasha. Ta kudu ya bi, kamar wajen iyaka. Yaran mota suka ce bayan gari ya faɗi, har wasu na son su tafi nema.

Ɗan Gumel: To ni ban ga kansa ba, katanga ta tare ni, ina gadin shago. Gari dai ya yi haske kamar rana ta fito ta koma. Na zauna ina mamaki, can sai na ji rugugi, dum, dum, sannan wani gurnani mai tsawo kamar tirela na wucewa a kan gada. Kwanon rufi ya amsa, karnukan unguwa suka ɗauka gaba ɗaya. Tsakanin hasken da ƙarar an yi kamar minti biyu, don har na tashi na zagaya bayan shago na dawo.

Sabo Mai Albasa: Ni ban ji komai ba, amma injin ruwa yana kunne a gefena.

Baba Alhaji: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya sa mu ji alheri. Tun muna yara idan aka ga irin wannan, iyayenmu cewa suke wani babban mutum ya tafi, ko yana dab da tafiya. A yi ta addu'a.

Isiya Waya: Ga bidiyon nan ya fito! Wani ya ɗauka daga cikin mota, an ce a hanyar Kano zuwa Daura ne. Ku kalla ku ga ikon Allah.

Malama Rabi: Isiya, don Allah sake kallon bidiyon nan da kyau. Dubi gefen titi, ƙanƙara ce fara fat a kwance, kuma gari ya waye a cikinsa. Wannan na Chelyabinsk ne a ƙasar Rasha, ranar 15 ga Fabrairu 2013. Duk sanda aka ga haske a wani wuri sai an tono shi an sa masa sabon suna. Ka goge shi kafin ya bazu daga nan.

Isiya Waya: Kai, haka ne Malama, ban lura ba. Na goge.

Malama Rabi: Madalla. Yanzu ga abin da ya sa na kasa ci gaba da shirin makaranta tun da na buɗe waya. Ku duba abin da mutum huɗu suka faɗa ba tare da sun haɗa baki ba. Yaya Sabo a Ɗanbatta ya gan shi gabas maso arewa. Anti Ladi a Haɗeja ta gan shi yamma maso arewa. Malam Musa a Damagaram ya gan shi kudu. Ku ɗauki taswira ku ja layi daga kowane gari zuwa inda mai shi ya nuna, za ku ga layukan suna haɗuwa wajen Gumel da Maigatari da bakin iyaka. Kuma wa ya ji ƙara? Na Gumel. Kowa yana rantsuwa bayan garinsu ya faɗi, alhali tsakanin Yaya Sabo da wurin ya kai kilomita 100. Ido ba ya iya auna nisan haske a sama da dare, babu bishiya ko gini kusa da shi da za a gwada.

Abin da kuka gani dutse ne daga sararin samaniya. Irinsu suna shigowa cikin iskar da ta lulluɓe duniya da gudun da ya kama daga kilomita 11 zuwa 72 a daƙiƙa ɗaya, a daƙiƙa fa, ba a awa ba. Da wannan gudun iskar da ke gabansa takan matse ta yi zafin da zai narkar da bayansa, shi ne hasken. Yakan fara ci tun yana sama da kilomita 80 zuwa 100 daga ƙasa. Waɗanda muke gani kullum suna gilmawa sirara, yawancinsu ba su wuce ƙwayar gero ko tsakuwa ba. Wanda haskensa ya fi na Zara matar wata, har ya yi wa mutum inuwa, wannan ya fi su girma sosai.

Ɗan Gumel: To Malama me ya sa ƙarar ta makara haka?

Malama Rabi: Kamar walƙiya da tsawa ne, Malam. Haske nan take yake isowa, ita kuwa ƙara tana cin kusan kilomita ɗaya a daƙiƙa uku. Minti biyu daƙiƙa 120 ke nan, ka ga wajen kilomita 40 tsakaninka da inda ya fashe, kuma mafi yawan wannan nisan sama ne. Jin ƙarar ma wata alama ce, yana nufin ya nutso ƙasa-ƙasa kafin ya tarwatse, don haka ba mamaki wasu gutsattsari sun iso ƙasa.

Kuma tun da an kawo zancen Rasha, akwai darasi a ciki. Dutsen nasu ya kai kusan mita 20. Mutum wajen 1,500 suka ji rauni, kuma ba dutsen ne ya same su ba. Sun ga haske, suka ruga bakin taga su leƙa, bayan ɗan lokaci ƙarfin iskar fashewar ya iso ya tarwatsa gilasai a fuskokinsu. Duk wanda ya ga irin wannan haske ya nisanci taga na 'yan mintuna.

Anti Ladi Nas: Subhanallah. Mu kuwa duk bakin tagogi marasa lafiya suka taru.

Garba Soja Mai Ritaya: Ni fa ban gamsu ba tukuna. Ta yaya za a tabbatar ba makami ba ne, ko jirgi marar matuƙi da aka harbo, ko tarkacen tauraron ɗan'adam? Zamanin nan ba a saurin cewa daga Allah ne kawai a rufe magana.

Malama Rabi: Tambayarka a kan hanya take, Yallaɓai. Jirgi marar matuƙi ko makamin da ke tafiya ƙasa-ƙasa ba zai yiwu a gan shi lokaci guda daga Haɗeja da Damagaram da Ɗanbatta ba, sai abin da ke can ƙololuwa. Tarkacen kumbo kuwa yana faɗowa, amma tafiyarsa daban ce. Gudunsa bai wuce kilomita 8 a daƙiƙa ba, yana tafe kusan a kwance, a jere kamar ayarin fitilu, yakan ɗauki rabin minti ko fiye, har mutum ya ciro waya ya ɗauka. Yaya Sabo ya ce bai ƙirga biyar ba. Shi ya sa ma da wuya a samu bidiyon na yau, sai dai a kyamarar tsaro ta gidan mai ko banki.

Garba Soja Mai Ritaya: To wannan hujja ce. Amma a bincika kyamarorin, ni sai na gani.

Ustaz Nura: Assalamu alaikum. Ina so in koma kan maganar Baba Alhaji, cikin girmamawa. Baba, wannan fahimtar ta daɗe, har Larabawan jahiliyya suna da ita. Ya zo a Sahihu Muslim daga Ibnu Abbas cewa wasu sahabbai suna zaune da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da dare, sai aka yi jifa da tauraro ya haskaka. Ya tambaye su me suke cewa a jahiliyya idan suka ga haka. Suka ce mukan ce an haifi wani babba a daren nan, ko wani babba ya mutu. Sai ya gaya musu ba a jifa da shi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Ka ga abin da Malam Sabo ya gani yau, an gan shi a gaban Annabi, kuma an ba da amsa. Addu'a kam a yi ta, amma kada a ɗaura wa wani mutuwa.

Baba Alhaji: Allah ya gafarta Malam, na karɓa. Ban taɓa jin wannan hadisin ba sai yau. Sai dai abin da mutum ya tashi da shi tun yana goye ba ya fita rana ɗaya, gabana dai yana faɗuwa.

Auwalu Ɗalibi: Malam Nura, ni tambayata ke nan. A islamiyya an koya mana jifan shaiɗanu ne, yana cikin Tabaraka da Suratul Jinni. Yanzu Malama ta ce dutse ne. Wanne za mu ɗauka?

Ustaz Nura: Auwalu, wa ya ce maka sai ka zaɓi ɗaya? Malama tana gaya maka da me aka yi abin da yadda yake tafiya, wannan ido da awo suna iya kaiwa gare shi. Alƙur'ani yana gaya maka wani aiki da ake yi da shi a gaibu, wannan kuma ba na'urar da za ta auna. Ruwan sama ma mun san daga girgije yake, mun kuma yi imani da mala'ikan da aka wakilta masa. Ibnu Kasir a tafsirin ayar Tabaraka ya ce ba taurarin da ke sama ɗin kansu ake jefowa ba, yulaye ne da ke ƙasa da su. Abin da ba zan yi ba shi ne in nuna wani haske guda in ce na san wane aljani aka jefa da shi.

Auwalu Ɗalibi: Na gane Malam, amma zan so mu zauna a kan wannan, akwai sauran tambaya.

Ustaz Nura: Ka same ni bayan la'asar.

Injiniya Lawal Kaduna: Na shigo a makare. Jama'a, abin da ke ci mini rai duk sanda irin wannan ta faru shi ne ba mu san arzikin da ke faɗo mana ba. Ranar 3 ga Oktoba 1962 wani manomi a Zagami, a lardin Katsina, yana korar tsuntsaye daga gonarsa, ya ji fashewa, dutse ya faɗo 'yan taku kaɗan daga inda yake tsaye ya nutse a ƙasa. Nauyinsa kilo 18. Aka kawo shi ofishin binciken ma'adinai a nan Kaduna. Daga baya masana suka gano daga duniyar Mars ya fito, domin iskar da ta maƙale a cikinsa ta yi daidai da wadda kumbunan Viking na Amurka suka auna a can a 1976. Yau duk mai nazarin Mars a duniya ya san sunan Zagami, gutsattsarinsa suna ɗakunan bincike da hannun 'yan kasuwa a ƙasashe da yawa. Ku tambayi ɗaliban sakandare goma a Katsina ko Funtuwa ku ga nawa suka taɓa ji. Ba shi kaɗai ba ne. Akwai na Mayo Belwa a Adamawa a 1974, akwai na Gujba a 1984, can yankin Yobe ta yanzu, shi ma irinsa ba shi da yawa a duniya.

Musa Direba Damagaram: Injiniya ka taɓo inda ke mana ciwo. Namu na jihar Agadas fa? An tsince shi a sahara cikin watan Nuwamba 2023, kilo 24 da wani abu, shi ma daga Mars, ya ma ɗara na Zagami. Sai ji muka yi an yi gwanjonsa a New York a watan Yuli 2025, a kamfanin Sotheby's, dala miliyan 5 da 'yan kai. Gwamnati ta buɗe bincike kan yadda ya fita, ta kuma dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu. Amma dutse dai ya riga ya tafi.

Isiya Waya: Dala miliyan biyar?! To ai sai mu hau babur mu nufi Maigatari. Ga ma wani a wani zaure ya sa hoton dutse, ya ce a gonarsa ya faɗo da asuba, yana da zafi har ya ƙona ciyawa, yana neman mai saye.

Injiniya Lawal Kaduna: Na ga hoton. Ƙanena, wannan kashin maƙera ne. Dubi ramukan da ke jikinsa kamar soso, haka ragowar tama take idan an narka ta, kuma tana nan birjik a duk tsohon kufai da aka yi ƙira. Dutsen sama sabon faɗowa yana da ɓawo baƙi siriri kamar ƙanzon tukunya, in ya ɓantare cikinsa yakan zama toka-toka. Yakan fi dutsen da ya kai girmansa nauyi, wani lokaci da 'yan lotsattsun wurare kamar an danna yatsa a cikin laka. Zancen ƙona ciyawa ma yana nuna ƙarya. Wutarsa tana mutuwa tun yana sama da nisa, sauran tafiyar a duhu yake yinta yana hucewa, da wuya ya iso ƙasa da zafin da zai kunna wani abu. Haka ake kawo mana gatarin aradu a ce daga sama ya faɗo, alhali gatarin dutse ne da mutanen zamanin da can suka sassaƙa da hannunsu.

Kuma a cire dala miliyan biyar daga rai. Mafi yawan waɗanda ke faɗowa irin na gama-gari ne, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Darajarsu tana wajen ilimi, musamman idan an san ranar da suka faɗo da hanyar da suka biyo.

Isiya Waya: To in talaka ya tsinta a gonarsa ya kai wa hukuma a ce an gode, shi ke nan? Ni gaskiya sayarwa zan yi.

Injiniya Lawal Kaduna: Ban ga laifinka ba. Ni kaina na taɓa raka wani dattijo da dutsen da nake kyautata zaton na gaske ne zuwa wani ofishi, muka yini a kan benci, aka ce mai duba irin wannan ba ya nan, mu dawo wani mako. Kuɗin motarsa ya ƙare, ya koma da abinsa, ban sake jin labarinsa ba. In ana so mutane su kawo, sai an biya su haƙƙinsu, an kuma rubuta sunan ƙauyensu a jiki. Amma ko sayarwa mutum zai yi, ya fara ɗaukar hotonsa a inda ya same shi, ya riƙe wurin, kada ya wanke shi, kada ya fasa, kada ya yi ta manna masa mayen ƙarfe, ya sa shi a leda mai tsabta, ya bari wata jami'a ta yanki ɗan kaɗan ta ajiye.

Dakta Hadiza: Bari in ba ku misalin inda aka yi abin da ya dace, don a Sudan na yi karatu kuma ana yawan ba da labarin. A watan Oktoba 2008 wani mai duban sama a Arizona ta Amurka ya hango ɗan ƙaramin dutse, bai wuce mita huɗu ba, aka lissafa aka ce zai shigo ta arewacin Sudan cikin ƙasa da kwana ɗaya. Haka kuwa aka yi, da asubahin 7 ga wata ya fashe a saman hamadar Nubiya, masu fitowa sallah suka gani. Shi ne karo na farko da aka ga dutse tun yana sarari kafin ya iso. Abin da ya burge ni shi ne abin da ya biyo baya. Wani malamin Jami'ar Khartum, Muawia Shaddad, tare da wani masani daga Amurka, suka kwashi ɗalibai suka jera su sahu guda suna taka rairayi a ƙafa suna dubawa. A ƙarshe an tara gutsattsari wajen 600. Aka sa musu sunan tashar jirgin ƙasa da ke kusa, Almahata Sitta, wato tasha ta shida. Kafin su fara nema sai da suka bi mutanen wurin suna tambaya, me ka gani, ta ina, ƙarfe nawa. Irin abin da Malama Rabi ta yi da saƙonninku ɗazu.

Malama Rabi: Shi ya sa nake roƙo, tun abin bai dushe a ƙwaƙwalwa ba. Duk wanda ya gani da idonsa ya koma daidai inda yake tsaye, ya tuna ta kan wace bishiya ko wane gini ya fara ganinsa, ta kan wanne ya mutu. A wayoyinku akwai kamfas, irin wanda muke duba alƙibla da shi, ku auna ɓangarorin biyu ku turo mini lambobin. Ku miƙe hannu ku ƙirga dunƙulen hannu nawa ne daga ƙasa zuwa inda ya mutu, kowane dunƙule kusan digiri 10 ne. Wanda ya ji ƙara ya faɗi tsawon jiran da ya yi. Akwai ƙungiyar masu bibiyar irin wannan ta duniya, IMO, tana da fom a intanet da kowa zai iya cikewa, zan shigar da na kowa da sunan garinsa kawai. Daga Turai da Amurka rahoto ɗari-ɗari suke samu kan haske ɗaya, daga wajenmu kuwa sau da yawa shiru, alhali mu ne ke kwana a waje.

Anti Ladi Nas: Zan auna in na koma aiki da daddare, na tuna wurin sarai, ta kan tankin ne.

Ɗan Gumel: Akwai gidan mai kusa da mu mai kyamara tana kallon arewa. Manajan mutumina ne, zan je kafin ta goge na asubahin yau.

Garba Soja Mai Ritaya: In ka samu ka fara turo mini.

Sabo Mai Albasa: Na dawo daga gonar yanzu. Na tsaya a bakin fangalin, sawuna ma yana nan a laka. Ya fara ta saman giginyar da ke kan iyakar gonata, ya mutu dab da kan wata tsamiya, dunƙule ɗaya da rabi daga ƙasa. Malama na tura miki lambobin ta akwatinki. Habu ya ce a tambaye ki ko zai sake dawowa, don da asuba tsoro bai bar shi ya kalla da kyau ba.

Malama Rabi: Na gani Yaya, na gode. Ka gaya wa Habu wannan dai ya tafi, amma ƙananan suna da lokacinsu duk shekara. Na watan Agusta, wajen 12 da 13, damina takan rufe mana su. Na daren 13 da 14 ga Disamba sun fi mana kyau in hazo bai yi yawa ba. Ya kashe tocila, ya kwanta rigingine a kan buhu daga ƙarfe ɗaya zuwa uku na dare, ya ba idonsa minti ashirin ya saba da duhu, zai ƙirga da yawa.

Musa Direba Damagaram: Ni jibi Alhamis ina Maigatari, ranar kasuwa ce, zan ɗauko shanu. Makiyaya daga duk rugagen bakin iyaka suna zuwa, kuma su a waje suke kwana. Zan bi su da tambaya a kara. Injiniya, turo mini hoton na gaskiya guda biyu ko uku in nuna musu a waya.

Injiniya Lawal Kaduna: Ga su nan tafe. Ka ce su duba fili mai farin rairayi da kan gonakin da aka girbe, a nan baƙin dutse ya fi fitowa. In wani ya ce ya ji abu ya faɗo kusa da shi kamar an jefo buhu, ka karɓi sunan rugar ka kira ni nan take.